Ashe Ba Asibitin Manoma Ba Ne

Warin ne ya riga kome isowa. Ina tsakar gida ina kwashe shanya don hadari ya haɗo daga gabas, sai ga sallamar Inna maƙwabciyarmu, ko amsa ba ta jira ba ta faɗo ciki da goyo a bayanta tana cewa, "Malama, taho ki duba mini kishiyata, ni dai ban gane ma wagga cuta ba." Kishiyar tata jikanyarta ce, 'yar shekara 4, wadda aka kawo mata nan Kalambaina daga ƙauye tun da uwar ta sake haihuwa. Na san yarinyar sarai, ita ce mai leƙo ƙofarmu da safe tana roƙon in ba ta alli. Da Inna ta kwance zane ta sauke ta, wallahi sai da na ja da baya. Kuncinta na hagu ya kumbura ya yi sumul yana ƙyalli kamar an shafe shi da mai, miyau na zuba ba ƙaƙƙautawa, ido ɗaya ya kusa rufewa, ga wani wari na fita daga bakinta wanda ban taɓa jin irinsa a jikin mai rai ba.

Yau kwana shida, in ji Inna. Baƙon dauro ne ya fara kwantar da ita cikin watan jiya, ta tashi a rame, ta ƙi kome sai kunu, daga nan dasashi ya soma jini. An sayo maganin shafawa a wani kemis. An kira wanzami. An yi mata hayaƙi, don wata tsohuwa ta ce iska ce ta buge ta da magariba. Kunci dai sai ƙara hawa yake.

Daren nan ban runtsa ba. Ana sallame asuba na fita bakin titi, na ratsa ta tsakanin tirelolin da suka kwana a layi suna jiran lodin siminti, direbobi na shan shayi, ƙasa ta jiƙe da ruwan daren jiya, na tsayar da Keke Napep. Mai keken dattijo ne. Muna shiga ya waiwayo, ya dubi yarinyar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, ina muka nufa?" Na ce cikin gari, babban asibiti. Ya girgiza kai. "Ki gafarce ni, wagga ta Asibitin Noma ce. Ɗan ƙanena haka nashi ya fara. Can za mu tahi, kuma yanzu-yanzu."

Asibitin Noma! Ni da aka haifa a Kalambaina, na yi karatu cikin Sakkwato, nake koyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, duk tsawon lokacin nan na ɗauka wani asibiti ne da aka gina wa manoma, inda ake kai wanda fartanya ta sara ko maciji ya cije a gona. Har yau abin yana ci mini rai, don na tambayi malaman makarantarmu daga baya, na tarar da yawansu haka su ma suka ɗauka. Ashe kalmar ba tamu ba ce. Daga Girkanci ta fito, ma'anarta cinyewa, irin yadda garke ke faɗa wa ciyawa ya kalmashe ta ƙarƙaf. Sunan cuta ne. Cutar da a rediyo ake kira zaizayar baki, wadda a ƙauye wasu ke ce wa ciwon daji, wasu su ce ciwon iska, wasu kuwa ba su ce mata kome ba, rufe ɗaki kawai suke yi.

Mun isa rana ba ta gama ɗagowa ba. Ko sisi ba a tambaye mu ba, ba na kati, ba na magani, Inna na ta ƙoƙarin kwance ƙullin bakin zanenta aka ce ta bar shi. Wata sista ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ta yi mata wasa har ta saki jiki, ta sa ɗan siririn katako ta ɗaga leɓe, ta haska tocila, ta ce in matso in gani. Na gani. Dasashin ya koma toka-toka, ya zaizaye har gindin haƙora ya fito, haƙori biyu na girgiɗi, kuma a cikin kunci ga wani miki yana shirin huda waje. Sista ta ɗago ta dubi Inna. "Inna, Allah ya kawo ku a kan gaɓa. Da kun ƙara kwana uku ko huɗu, da wata magana muke yi yanzu."

Ta zaunar da mu ta yi mana bayani da yatsun hannu, kuma wannan bayanin shi ya fara kwance mini kai. Cutar hawa-hawa take, Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera matakan daga 0 zuwa 5. Da fari dasashi ne kawai zai yi ja yana jini in an taɓa, abin da kowace uwa ta taɓa gani ta ce zafi ne. Sai ya fara ruɓewa, baki ya yi wari, yaro ya ƙi cin abinci. Sai kunci ya kumbura, nan kishiyar Inna take. Bayan wannan sai naman ya mutu, baƙin tabo ya fito a waje, ya ɓurme, ya tafi da kunci ko leɓe ko hanci, wani lokaci har da ƙashi. Wanda ya tsira sai mikin ya warke da tabo mai tattare fuska, ya ɗaure muƙamuƙi, ya bar shi da abin da zai ɗauka har ƙarshen rayuwa. Daga jinin dasashi zuwa rami a fuska, mako biyu ya isa. Mako biyu! Kuma in ba a samu magani ba, cikin yara 10 har 9 na iya rasuwa. An fi ganinta tsakanin shekara 2 zuwa 6, wato daidai lokacin da aka yaye yaro, haƙora na fitowa, garkuwar jiki ba ta yi ƙwari ba, ga tamowa, sai ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro su zo su ƙarasa buɗe mata ƙofa.

Na ce, "Sista, to maganin fa? Daga waje ake kawo shi?" Sai ta nuna mini abin da aka ɗaura wa yarinyar. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne da na san sunansu tun tuni, amoxicillin da metronidazole, wanda kowa ke kira Flagyl, sai ƙarin ruwa, sai ruwan kurkure baki, sai madara da abincin nan na gyaɗa cikin leda da ake ba yara masu tamowa. An ɗaura mata zaren awon dantse, ya tsaya a kan ja. Shi ke nan. Abin da ke cinye fuskar yaro ɗanya, in an kama shi da wuri, abin da ke tsayar da shi bai fi ƙarfin ɗan ƙaramin asibitin ƙauye ba. Na zauna a bakin gado, ƙafafuna suka yi sanyi.

Sai kuma na ɗaga kai na dubi ɗakin.

Ban san yadda zan faɗa ba tare da na ci mutuncin bayin Allahn nan ba, don ba abin kallo ba ne, mutane ne. Ga yaro an naɗe masa rabin fuska da bandeji yana tura motar kwali. Ga budurwa da haƙoranta ke waje ta gefen kunci tana yi wa wata kitso. Ga magidanci mai furfura, shekara da shekaru muƙamuƙinsa a ɗaure, ta ɗan gibin haƙori yake tura tuwo da yatsa. Kuma ba wanda ya rufe fuska. Wannan ne ya fi kome girgiza ni: an yi hira, an yi dariya, an yi faɗa a kan buta, mayafai na rataye a jikin gado ba a fuskoki ba. Nan take Gwaggo mai ƙosai ta faɗo mini a rai. Muna yara a Kalambaina akwai wata mata da ke suya a bakin hanyar masu zuwa aikin kamfani, kullum gefen mayafinta na cije a baki, ido ɗaya da goshi kawai ake gani. Mukan ruga in ta ɗago kai. An ce mana aljani ne ya mare ta tana ƙarama. An ce kar mu sha ruwa a kofinta. Ashe ita ce ɗaya cikin goman nan da ta tsira, kuma ashe cutar ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, ko ka ci abinci kwano ɗaya da mai ita. Na yi kuka a ɗakin nan, Inna ta ɗauka don jikanyarta nake yi.

Kwana goma sha biyu muka yi, ina zuwa da safe in koma da yamma, wasu dararen in kwana don Inna ta huta. A rana ta biyu wani matashi ma'aikaci ya zo da fayil ya zauna gaban Inna yana jera tambayoyi. Wa ke kula da yarinyar? Tun yaushe aka raba ta da uwarta? An ba ta dakashi da aka haife ta, ko an matse an zubar? Me take ci da safe, me take ci da dare? An yi mata rigakafin ƙyanda? Daga ina kuke ɗebo ruwa? Wa kuka fara kai wa kafin ku zo nan? Inna ta fara ƙosawa. Ni ma na ce, "Malam, duk wannan na mene ne, ga magani an riga an sa?" Sai ya yi murmushi ya ce abin da duniya ta sani game da cutar nan, kaso mai yawa daga irin waɗannan amsoshi aka tattara shi, daga bakin iyaye mata na Sakkwato da Kabi da Zamfara. Ya faɗa mini abin da zan nema a waya. A daren na zauna ƙarƙashin fitilar baranda ina karatu har cajin wayata ya ƙare, na roƙi wata mai jinya ta ara mini tata caja.

Jama'a, ashe muna zaune kusa da rijiya muna kukan ƙishirwa! Tun 1996 likitocin tiyata daga Jamus da Holan suka fara zuwa Sakkwato suna gyaran fuskokin waɗanda suka tsira, a 1999 aka buɗe wannan asibiti musamman don cutar, kuma yana cikin 'yan ƙalilan irinsa a duk duniya. Daga 2014 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, ta haɗa hannu da Ma'aikatar Lafiya a nan, kuma zuwa 2023 an yi tiyata fiye da 1,000. Amma abin da ya hana ni barci shi ne ƙirga da tambaya. Yaya za ka ƙirga cutar da ke kashe yaro a ƙuryar ɗaki kafin kowa ya rubuta sunansa? Wasu likitoci suka yi wata dabara a nan Sakkwato: sun san a cikin haihuwa kaza ana samun jariri ɗaya mai tsagaggen leɓe, sai suka gwada yawan masu tsagaggen leɓe da ke zuwa neman gyara da yawan waɗanda zaizayar baki ta bari da rai, suka yi lissafi a baibai. A 2003 suka fitar da ƙiyasin cewa cikin yara 1,000 a arewa maso yammacin Najeriya wajen 6 na kamuwa. Ƙiyasi ne, amma ya tayar da mutane daga barci. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, adadin da ta daɗe tana riƙe da shi na mutum 140,000 a shekara tun 1998 aka yi shi. Dubi irin mantuwar da aka yi da yaran nan, a ce ko ƙirga su ba a sake yi ba shekaru fiye da ashirin.

A 2017 aka ɗauki yara 74 da suka zo asibitin nan da cutar, aka bi su har ƙauyukansu, aka gwada rayuwarsu da ta yara 222 sa'o'insu da ba su kamu ba. Abin da aka gano ya shiga har cikin madafinmu. Yaron da kullum kunu ne abincinsa ya fi zama cikin haɗari, wanda kuma uwarsa ce da kanta ke rainonsa ya fi samun kariya. Na karanta wannan na dubi Inna tana gyangyaɗi a kan tabarma, zuciyata ta karye, don babu laifinta ko ƙanƙani. Abin da ke gidan ta bayar, da duk ƙaunar da take da ita. Kunu ba guba ba ne, da shi aka raine mu duka. Illar ita ce ya zama shi kaɗai, tsurarsa, ba gyaɗa, ba wake, ba nono, ba ƙwai, ba ko ganyen zogale, yau da gobe har jiki ya rasa abin da zai yi faɗa da shi. A 2018 kuma ma'aikata suka bi gida-gida a jihohin Sakkwato da Kabi suka leƙa bakin yara fiye da 7,000, suka tarar wajen 3 cikin 100 dasashinsu ya riga ya fara ciwo. Ni ajina ɗaya yara sun haura 70. Na yi lissafin a zuci, tsigar jikina ta tashi.

Can tsallaken iyaka ma 'yan'uwanmu na Damagaram sun ba da nasu. Wani bincike da likitocin Suwizalan suka yi shekaru suna yi a can, aka buga shi a 2013, ya nuna tsumburewa da rama, da gudawa ko ciwon ƙirji ko zazzaɓi cikin 'yan watannin baya, da yawan cikin da uwa ta yi, duk suna ƙara haɗarin. Har da wani abu da ya sa na ajiye wayar na yi tagumi: gidan da babu kaji. Wanda duk ya tashi a ƙauye ya san me ake nufi in an ce gida ko kaza babu. Kafin su, Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya shafe shekaru yana bin yaran yankinmu, har ya yi zargin wata ƙwayar cuta da ake samu a jikin dabbobi. Binciken Damagaram bai tabbatar da ita ba. Abin da ya nuna shi ne ƙwayoyin da ke zaune cikin bakin kowa lafiya lau su ne ke rikicewa, wasu su rinjayi wasu, idan jiki ya yi rauni. Wato ba baƙo ba ne ya shigo daga daji, na gida ne suka ga maigida ya kwanta. Kuma ba ciwon baƙar fata ba ne. Turai ta sha fama da shi ɗaruruwan shekaru, musamman bayan annobar ƙyanda, ya ɓace daga can da abinci da tsafta suka wadata tun ma kafin a ƙirƙiro penisilin, sannan ya sake ɓullowa a sansanonin 'yan Nazi irin su Auschwitz da Bergen-Belsen lokacin da aka kashe mutane da yunwa. Duk inda yunwa ta yi sansani, nan yake sauka.

Wani abin da ya burge ni, masu binciken Sakkwato ba su raina masu maganin gargajiya ba. Sun je sun zauna da su, sun tambaye su me suke kiran ciwon, me suke ba da wa, don sun san kafin uwa ta ga nas ta riga ta ga wanzami ko mai saiwa, shi ne kusa, shi ne mai karɓar bashi. Suka tarar da yawansu a shirye suke su turo yaro asibiti in an koya musu alamun. A ganina wannan ita ce hikima. Da wanzamin da ya zo gidan Inna ya san cewa warin baki da kumburin kunci bayan baƙon dauro ba nasa ba ne, da mun ci ribar kwana huɗu.

Da rana kuwa idona ne ya yi karatu. Na ɗauka asibiti likita ne da allura. Ina! A nan na ga rabin warkewa a hannun waɗanda ba sa riƙe wuƙar tiyata take. Akwai masu kula da abinci, don ba a yi wa ramammen jiki aiki, sai an yi makonni ana ciyar da mutum ana auna shi har ya yi ƙwarin da zai ɗauka, kuma da mai jinya ake ciyarwa, in ba haka ba wace uwa za ta iya barin gona da damina ta zo ta zauna? Akwai masu motsa gaɓoɓi, su ne masu fama da muƙamuƙi. Na ga yadda ake jera 'yan siraran katako tsakanin haƙora, yau biyar, gobe shida, ana auna buɗewar baki da ɗan ma'auni, yaro na hawaye ana lallashinsa, don in aka bari tabon zai sake ɗaure bakin da likita ya sha wahalar kwancewa. Akwai masu ba da shawara, masu zama da yaron da ya shekara ba ya fita wasa, da uwar da aka ce mata ita ta jawo, da budurwar da ba ta taɓa duba madubi ba. Wata mai jinya daga wajen Zamfara ta ce mini ranar da aka miƙa wa ɗiyarta madubi bayan an kwance bandeji, yarinyar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko za a bar ta ta tafi da shi gida. Akwai kuma masu fita ƙauyuka da hotuna, suna nema, suna wayar da kai, suna bin waɗanda aka sallama su ga ko sun ci gaba da motsa baki.

Tiyatar kanta sai dai a ce tabarakallah. Ba a yinta da zafi-zafi, sai ciwon ya mutu, tabo ya zauna, wata da watanni sun wuce. Sau da yawa a shekara tawagar likitoci na gida da na waje kan haɗu su yi makonni suna aiki. Wanda bakinsa ba ya buɗewa, ta hanci ake zura masa bututun numfashi kafin a sa shi barci. Sannan a yanko fata da tsoka daga inda Allah ya bar wadata, daga ƙarƙashin haɓa, ko goshi, ko ƙirji, a juyo ta a toshe ramin. Na ga wani saurayi da fatar ƙirjinsa ke haɗe da kuncinsa kamar gada, kansa a karkace, an ce haka zai zauna wajen mako uku har fatar ta kama jini a sabon mazauninta kafin a raba. Yana zaune yana sauraron rediyo abinsa! Wasu sau biyu ake yi musu, wasu sau biyar, shekara bayan shekara. Har tsarin da likitoci ke bi su auna ɓarnar, su ba hanci maki, su ba kunci ciki da waje, su ba leɓen sama da na ƙasa da ɗaurewar muƙamuƙi, daga aikin Sakkwato ya fito, ta hannun likitan Holan Klaas Marck da abokan aikinsa.

Kuma a ɗakin nan kowa na ba da labarin Mulikat Okanlawon. Ita ma tana ƙarama cutar ta ci mata fuska, a Sakkwato aka yi mata aiki sau da dama, ta warke, ta yi karatu, ta dawo ta kama aiki a asibitin da ya gyara ta. Ita da Fidel Strub, wanda shi ma ya tsira yana yaro a Burkina Faso, suka kafa Elysium, ƙungiya ta farko ta waɗanda suka tsira daga cutar, har mujallar Time ta sa su cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a 2024. Iyaye mata na faɗin sunanta kamar na 'yar'uwa. In yarinya ta ƙi cin abinci sai ka ji an ce, ci mana, ba ki son ki zama kamarta?

Duk wannan tarin takardu da tambayoyi da hawaye bai tafi a banza ba. Najeriya ta ware 20 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da cutar. A Janairun 2023 Najeriya ce ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya buƙata a madadin ƙasashe 32, kuma ranar 15 ga Disamba 2023 hukumar ta shigar da zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Shiga jerin nan shi ne ke sa masu ba da kuɗin bincike su waiwayo, a sa cutar cikin horon ma'aikatan lafiya, a fara ƙirga ta da gaske. Ranar da aka yi wannan sanarwa ina Kalambaina ina rubuta sakamakon jarrabawa, ban san an yi ba, alhali da amsoshin matan ƙauyukanmu aka kafa hujja.

A rana ta huɗu warin ya tafi. A ta shida kumburin ya sace, idon ya buɗe. A ta tara kishiyar Inna ta fizge ledar abincin gyaɗa daga hannun kakarta ta ce ita za ta riƙe da kanta. Haƙori biyu sun fita, akwai ɗan tabo a cikin kunci da aka ce a riƙa dawowa ana dubawa, amma fuskar na nan, duka, kunci da leɓe da hanci. Ranar sallama sista ta koya wa Inna kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da goge haƙora da asuwaki mai laushi, da yadda za ta dama kunu da gyaɗa da garin wake, ta kuma ce a sanar da uwar yarinyar a kai jaririn rigakafi kar a tsallake ko ɗaya. Sannan ta juyo gare ni. "Malama, ke da ke da yara cike da aji, ki riƙa ɗaga leɓe kina dubawa. Ja, jini, wari. In kin ga haka kar ki jira kumburi."

Ranar Litinin na shiga aji da tocilar wayata. Na ce kowa ya wanke hannu ya ɗaga leɓensa da kansa, suka yi ta dariya suna gwalo. Na samu biyu da dasashinsu ke jini, na rubuta wa iyayensu takarda, na bi su gida da yamma don na san takarda kaɗai ba ta isa. Na roƙi shugaban makaranta ya ba ni minti goma a taron iyaye. Na je wurin wanzamin nan na gaishe shi da girmamawa, na nuna masa hotunan matakan a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce in tura wa ɗansa.

Saura guda. Sai da na yi kwana uku ina tambaya kafin aka kwatanta mini gidan Gwaggo mai ƙosai, can bayan unguwa inda farar ƙasa ta fara. Ta daina suya tuntuni, jikokin ƙanwarta ke yi mata aike. Na yi sallama, na tarar da ita a kan tabarma tana tsince wake, gefen mayafin na nan a baki kamar yadda na san shi ina 'yar shekara 7. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ɗiyar wance ce, ta gane ni. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na fara daga mai keke, na bi da sista, da saurayin mai gada a ƙirji, da dattijon da ke tura tuwo da yatsa, ina magana ina haɗa kalmomi, ita kuwa hannunta ya tsaya cak a cikin faifai.

"Ba na yara ba ne?" ta ce, muryar na fita ta cikin mayafi.

"Har da manya, Gwaggo. Na gansu da idona, har da masu furfura. Likita ne zai duba ya faɗi abin da zai yiwu."

"Nawa aka biya?"

"Ko sisi."

Ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ture faifan gefe, ta kira wata yarinya ta ce ta duba mata ko takalmanta na ƙarƙashin gado. Sannan ta dube ni da idon nan guda.

"Mai keken, kina da lamba tai?"